Ranar da Buta Ta Koma Kwabo Uku

Falalu Abdulwahid mutum ne da bai iya zama wuri guda idan lissafi ya fito masa daidai ba. Sai ya miƙe ya tafa hannu, in da mutum kusa ya kama shi ya girgiza. Tun yana yaro a Dorayi haka yake. Mahaifinsa malami ne da ake kawo wa rabon gado, Falalu kuma shi ne mai riƙe alƙalami. In kason kowa ya fito ba ragowa, sai ya daka tsalle a gaban magada, har sai Malam ya harare shi.

A 1976 ya sami aikin akawu a kamfanin roba na Alhaji Uba Labaran a Sharada, inda ake buga bokitai da butoci da kofuna da kwanduna, kaya iri ɗari biyu da arba'in. Sau ɗaya a shekara Alhaji zai zauna a ofis, a riƙa miƙo masa kayan ɗaya bayan ɗaya, ya jinjina a tafin hannu, ya faɗi farashi da ka. Falalu ya buga a tafireta, a rarraba wa diloli.

Shekara uku yana wannan aiki kafin abin ya fara yi masa ƙaiƙayi. Ya aro sikeli a sito ya auna kayan kaf, ya jera nauyin kowanne kusa da farashinsa. Ran nan ya faɗo ofis ko sallama bai ƙarasa ba.

"Alhaji, hannunku ƙa'ida yake bi!"

"Ni da ban yi boko ba?" in ji Alhaji.

"Wallahi. Nauyin kaya sau kuɗin roba, a ƙara rabi na ma'aikata da lantarki, a ɗora ɗaya bisa biyar na riba. Ku jarraba ni."

Alhaji ya sa aka kawo wani sabon baho da ba a taɓa sa wa kuɗi ba. Falalu ya auna, ya rubuta nasa ya kife takardar. Alhaji ya jinjina bahon, ya ce naira biyu da sule huɗu. Aka buɗe takarda: naira biyu da sule huɗu. Alhaji ya duba tafin hannunsa kamar baƙon abu, ya kece da dariya har hularsa ta zame. Kafin wata ya ƙare Falalu ya hau sabon babur Basfa, ya yi ta zagaya Panshekara da ita yana danna oda, matarsa Maimuna tana leƙe ta zaure tana cewa ya ji tsoron idon mutane.

Sai ga 1986, naira ta fara zamewa. Ƙwayar robar da ake shigowa da ita ta koma kowane mako da kuɗinta. Duk Litinin Falalu sai ya sake lissafa kaya ɗari biyu da arba'in da kalkuleta, ya sake bugawa, kafin ya gama Laraba ta yi, Alhamis kuma farashin ya tsufa.

Shekara ta zagayo Alhaji ya sayo kwamfuta mai karɓar odar diloli. Wata injiniya mai suna Zulaihatu ta zo daga Kaduna ta haɗa ta, ta ce a ba ta takardar farashi ta shigar.

"Ba sai da takarda ba, Malama," in ji Falalu. "Na'urar nan tana jin ƙa'ida?"

"Kana da ita?"

Ya rubuta mata layi uku, ya ƙara na huɗu: wanda ya sayi dozin ɗari a rage masa ɗaya bisa goma. Wuni biyu suna shigar da nauyin kaya. A rana ta uku ta ce ya sauya kuɗin roba da hannunsa. Ya danna lamba ɗaya. Farashi ɗari biyu da arba'in suka juye gaba ɗaya, injin bugawa ya hau ƙara yana amayo takarda doguwa kamar rawani.

Falalu ya sure ta ya fita da gudu. Ya nuna wa masu injin bokiti, ya nuna wa maigadi, ya nuna wa mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa. Ya kai ta gida ya shimfiɗa daga bakin rijiya zuwa ƙofar ɗaki.

"Aikin kwana uku ke nan, Maimuna! Minti shida!"

"To Baban Sauda, sauran kwana biyun da suka rage nawa ne ko na Alhaji?"

Mako na uku aka zo da sabuwar buta mai giram ɗari uku. Falalu yana shigar da ita yana ba direbobi labarin na'ura, sifiri biyu suka tsere masa. Na'ura kuwa ba ta musu. Ta bi ƙa'ida tiryan-tiryan, ta ce buta kwabo uku maimakon naira uku, takarda ta tafi kasuwa.

Ran Laraba da hantsi sai ga babbar mota daga Dakata ta tsaya a ƙofar sito. Hajiya Fanna ce, babbar dilar da ke kai kaya Maiduguri da Damagaram. Ta shigo da takardar a hannu, fuska ba alamar wasa.

"Alhaji, buta dozin dubu nake so. Kuma na ga an ce mai dozin ɗari ana yi masa ragi."

Alhaji ya karanta, ya dubi Falalu. Falalu ya karanta, ya zauna kan wani bokiti da ke kife. Ya ce laifinsa ne. Nan Hajiya ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

"Tashi, ɗan nan! Kwanduna na zo ɗauka. Amma buta ɗaya sai an sayar mini yadda aka rubuta. Tun jiya nake yawon neman kwabbai."

Ta zube kwabo uku a tebur. Alhaji ya ce magana ta riga ta fita, a ba ta, a kuma yanka mata rasit. Falalu ya rubuta yana dariya yana gumi. A ranar ya buga wa Zulaihatu waya, suka ƙara layi na biyar: duk farashin da ya sauka ƙasa da rabin na 'yan'uwansa, na'ura ta yi ƙara ta ƙi bugawa.

Labarin ya zaga, kuma maimakon ya ɓata masa suna sai ya tallata shi. Masu alewa a Bompai suka roƙi Alhaji aronsa. A 1989 wata majema a Challawa ta kira shi, inda ya tarar fata ba ta bin nauyi: sai faɗi, sai laushi, sai tabon ƙaya da cizon kaska. Ya yi wata guda a tsugune gaban Malam Mamman, tsohon mai tantance fata, yana tambaya kamar ɗan makaranta.

Ranar da ya gano ƙa'idar fatar akuya ya shigo gida yana ƙwala wa Maimuna kira tun daga zaure. Ta toshe hanci saboda warin majema, ta tare ƙofa.

"Faɗa mini daga nan, ina ji."

Ya tsaya a zaure ya faɗa mata duka, layi bakwai, har da misalai.