Shafin Shuɗin Ƙyalle

Wa ya yage shafin nan? Har yau in na zauna ni kaɗai tambayar da nake juyawa ke nan, sai in ji hawaye. 'Yata ce ke rubuta mini wannan a waya, ni ko bihim ban sani ba.

Shekarun baya muna zaune a Mararaba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne a wata ma'aikata cikin Abuja, ranar Asabar kuma yana kaɗa jita a gidajen biki. Yana da littafin da yake tara salon kiɗansa. Wanda ake ta maimaitawa a ƙarƙashin waƙa yana kiransa gindi, ɗan gajeren da ake cusawa tsakanin baiti da baiti kuma ciko. Da yake ni ke buɗe masa shafi in hannunsa na kan tsirkiya, sai ya riƙa manna ƙyalle a saman kowane shafi. Ya ce, "Uwargida, buɗo mini ankon sunan 'yarki," sai in buɗo. Ban iya karatu ba, amma atamfa ba ta ɓace mini.

Akwai shafi ɗaya mai shuɗin ƙyalle, daga zanen da na ɗaura ranar da na fara sauka a tashar Abuja na biyo shi. Cikon da ke ciki bai taɓa kaɗa shi a biki ba. Sai a gida, ina tsintar shinkafa.

Da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, abokinsa da suke kiɗa tare ya fara zarya gidanmu da wata jaka mai zif.

"Matarmu, littafin nan fa zai ruɓe," in ji shi. "Bari in tsara shi, gindi gefe, ciko gefe, in ɗauka a waya."

Na ce, "Shekara nawa yana nan bai ruɓe ba sai da mai shi ya kwanta?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Duk ranar da ya zo sai in zauna bakin ƙofa da faranti, ina tsintar waken da na riga na tsince, idona na kan jakar.

Ran nan na fita sayen magani. Da na dawo na ɗauki littafin zan mayar ƙarƙashin filo, na ga babu shuɗin ƙyalle. Sai haƙoran takarda inda aka yage.

Na ce wa abokin, da na tarar zaune a ɗakin, "Ina shafina?"

"Wane shafi? Oga, ka ji matarka ta mai da ni ɓarawo."

Maigidana ya kafa wa silin ido.

Da abokin ya fita alwala na zuge jakar. Goro ne da tsirkiya sabuwa. Na ɗaga katifa, na zazzage filo, babu. Bayan haka duk bikin da na ji zai yi kiɗa sai in sa mayafi in je, ba wanda ya gayyace ni. Na ci shinkafar mutanen da ban sani ba har Kuchigoro, ina kasa kunne in kama cikona a hannunsa. Ban taɓa ji ba.

Yau littafin yana wajen abokin, ni na ba shi bayan arba'in ɗin maigidana. Yana zuwa gaishe ni da sallah, ina zuba masa abinci, amma har yanzu sai na kalli jakarsa. Wani lokaci kuma in tuna hannun hagun maigidana yana aiki sarai, da shi yake jan carbi. In shi ne ya yage, ina ya kai takardar, mutumin da ba ya tashi? In tambayi maigidana kuwa ban iya ba a lokacin, ina tsoron ya ce ba shi ba ne.

Safiyar da zai rasu ina goge masa fuska, ban san ina rera cikon nan a hanci ba. Ya buɗe ido, ya ɗaga yatsa ya gyara mini wuri ɗaya da na ja da yawa. Na sake. Ya gyaɗa kai, ya ce:

"Haka yake. Wannan ba na biki ba ne, kada ki rera wa kowa."