Ranar Da Na Buɗe Rumbunan Baffana

A lokacin da wannan abu ya faru, ni saurayi ne mai rawar kai, ɗalibi a wata kwaleji a Funtua, ina karatun difloma a fannin harkokin mulki da walwalar jama'a. Ɗan wani ƙauye ne ni a yankin Ƙarfi, kuma a zuriyarmu kaf ni na fara wuce sakandare. Mahaifina ya rasu tun ina goye, yayansa ne ya riƙe ni, shi nake kira Baffa. Shi ya dage sai na yi karatu, yana cewa ya kamata gidanmu ya samu wanda ya iya yi wa gwamnati magana. Duk hutun da na dawo sai na cika wa abokaina kunne a dandali da zancen gaskiya da bin ƙa'ida, har suka laƙaba mini suna Kantoma. Zolaya suke yi, amma ni a raina daɗi nake ji.

Baffa babban manomi ne. Rumbu uku gare shi a jere a tsakar gida, manya, ana hango jinkarsu tun daga kan hanya. Idan damina ta faɗi, ƙofar gidansa ake zuwa neman iri, bai taɓa mayar da kowa hannu rabbana ba. Sai dai manyan gonakinsa suna can cikin daji, kuma da tsaro ya lalace suka gagari shiga. Damina biyu ke nan bai sa musu fartanya ba, sai 'yar gayaunar bayan gida. Duk da haka kowace shekara sai ya yi wa rumbunan sabon yaɓe, ya sabunta musu jinka, ya fito da babbar rigarsa ya zauna a sahun gaba a masallaci. Ni kaina ban san komai ba sai da matarsa, Inna, ta gaya mini wani hutu da na matsa mata da tambayar abin da ya sa malmalar tuwo ta ƙanƙance. Ta ce babu ko dami ɗaya a ciki, ta kuma haɗa ni da Allah kada in faɗa wa kowa. Ashe dattawan gari sun sani, suka yi kamar ba su sani ba. Abin da suke yi shi ne, matansu su shigo wurin Inna da ƙwarya a lulluɓe cikin mayafi, su ce ga ɗanɗanon sabuwar dawa. Shi ma Baffa sai ya aika musu da 'yar kuɓewa ko yakuwa daga gayaunarsa, a tashi kamar zumunci aka yi.

A shekarata ta biyu aka tura mu sanin makamar aiki, na faɗa ofishin walwalar jama'a na wata ƙaramar hukuma. Aka zo da shirin raba tallafin hatsi da taki ga gidajen da suka rasa gonakinsu. Ogana ya ce tunda ni ɗan yankin ne, in ɗauki fom in rubuto sunayen ƙauyenmu. A aji an koya mana cewa idan an gama rubuta mabuƙata, dole a karanta sunayen a bainar jama'a domin kada ma'aikaci ya cusa danginsa. Na haddace wannan darasi, har na ci shi a jarrabawa. Na bi gida-gida na rubuta zawarawa da tsofaffi, da na zo ƙarshen takarda sai na ƙara sunan Baffa. Ban tambaye shi ba, ban kuma gaya wa Inna ba, don na san za ta hana ni. A tunanina ranar sakayya ce ta zo, yau karatun da ya sa ni zai kawo masa buhu har ƙofar gida.

Da hantsi aka tara mutane a ƙofar gidan dagaci. Ogana ya riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa da an yarda. Sai ya kira sunan Baffa. Baffa yana zaune kan tabarmar dattawa, ya ɗago kai ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da idonsa ƙasa. Can sai wani magidanci da sunansa bai shiga ba ya miƙe, ya ce ai ga irinta nan, mai rumbu uku ya zama mabuƙaci saboda ɗansa ne ke riƙe da biro. Matasa suka ɗauki gunaguni. Ogana ya juyo ya zuba mini ido. Dagaci ya yi gyaran murya ya ce a tsallake wannan suna, kuskuren rubutu ne, dattawa za su duba daga baya. Ƙofa ya buɗe mini bawan Allah, ya buɗe wa Baffa, amma ban gane ba. Abin da kawai na ji shi ne an kira ni maƙaryaci a gaban ogana. Na miƙe na ce ba kuskure ba ne, duk mai shakka ya taso a je a duba rumbunan.

Wallahi har yau idan na tuna tafiyar nan daga ƙofar dagaci zuwa gidanmu, sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Wani dattijo ya riƙo hannun rigata a hanya, na fizge. Ni da kaina na jingina tsani, na hau, na ɗaga jinkar rumbun farko. Babu komai sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Na biyu haka, na uku haka. Mutane suka riƙa hawa suna leƙawa, ogana ya ɗauki hoto da wayarsa don a haɗa da fom. Mai ƙorafin ya sulale ya tafi. Ina jin shesshekar Inna daga ɗaki. Baffa ya tsaya a bakin zaure, hannuwansa a baya, har kowa ya gama kallo. Sannan ya ce da ni, cikin murya ƙasa-ƙasa, "An gani ko? To mayar da jinkar yadda ka same ta."

Na mayar da jinka, amma magana zarar bunu ce. Tun daga ranar Baffa ya daina zama a dandali, a masallaci ma ya koma sahun baya. Ƙwaryar ɗanɗano ta ci gaba da zuwa na 'yan kwanaki, sai ya ce da Inna ta riƙa mayarwa, don yanzu sunanta sadaka, kowa kuma ya san haka. Masu zuwa neman iri suka daina, wasu don kunya, wasu don tausayi, tausayin nan kuwa ya fi komai ci masa rai. Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Da ya yi hakan da na fi samun sauƙi. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, aikina na yi. Tallafin kuma bai iso ba sai da damina ta yi nisa, kuma da aka kira sunansa bai je ba. Kafin kaka ya sa gatari ya rushe rumbunan uku da hannunsa, ya kwashe Inna suka koma Funtua, suka kama ɗaki ɗaya a wata unguwa da ba wanda ya san shi.

A kasuwar hatsi ya samu abin yi, ɗinkin bakin buhu. Mutumin da ake auna wa mutane iri a ƙofarsa, shi ne zaune da basilla yana ɗinke masarar wasu. Nakan biya ta wurinsa idan na tashi daga lakca. Ya amsa gaisuwata sarai, ya tambayi karatu, amma da ma'aikaci yake kirana, sunan da yake kirana da shi tun ina yaro ban sake jin sa a bakinsa ba. Rahoton da na rubuta kan aikin nan shi ya fi na kowa maki, har malaminmu ya karanta shi a aji ya ce a yi koyi da ni. Ranar da na karɓi satifiket na kai wa Baffa ya gani. Ya goge hannunsa a riga, ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini ya ce, "Allah ya sa albarka. Ka adana shi inda ba za a buɗe maka ba." Bayan wata huɗu ya kwanta ciwo, kwana uku ya yi Allah ya karɓi abinsa.

Aikin gwamnatin da na sayar da mutuncinsa don in nuna na cancanta, har yau ban samu ba. Satifiket yana ƙasan akwati, ni kuma ina tuƙa Keke Napep na wani a cikin Funtua. Ƙauyenmu ban iya zuwa sai dole, don kangon rumbunan na nan, kuma yaran da ba a haifa ba a lokacin ma sun san labarin. Inna ta ce ta yafe mini, ta ce shi ma ya yafe. Ina so in yarda, amma ban ji daga bakinsa ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Ban ce karatun ba shi da amfani ba, ban kuma ce a daina karanta sunaye a fili ba, don na san ɓarnar da ake yi idan an ɓoye. Laifina ne, na je taimakon mutum ban tambaye shi ko yana so ba, da aka taɓa sunana kuma na kare shi da nasa. 'Yan'uwana ɗalibai da za a ba ku fom a tura ku cikin mutane, ku sani wani mabuƙacin rufin asirinsa ne kaɗai ya rage masa, ya fi son ya kwana da yunwa da a san yana jin ta. Ku nemi izininsa tukuna, idan ya ce a'a ku bar shi. Idan dattijo ya ce muku a tsallake wannan, ku tsallake, ku tambayi dalili daga baya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ni dai buhu ɗaya na so in kai wa Baffana, buhun bai shiga gidan ba, gidan ma yanzu babu shi.