Mu Goma Sha Ɗaya a Layin Taya

Sana'ata sayar da tsofaffin tayoyi a bakin titi, a Gauraka. Idan aka sauke mini kaya ba na ɗaukar mafi kyau in yi murna. Nakan jawo goma daga tsakiya in ga nawa ne masu rai, daga nan na san abin da na saya. Da haka na gina gida a Suleja, na mallaki gona a bayan Diko.

Tun muna haya a ɗaki ɗaya na yi wa matata alkawari: ranar da na cika saba'in zan bar shago mu koma gona. Ita 'yar ƙauye ce, hayaƙin gari da ƙarar janareta ba su taɓa karɓarta ba. Duk sanda ta tayar da maganar sai in ce, "Hajiya, saura kaɗan," kamar an ba ni saba'in ɗin a rubuce.

Bara 'yarmu da ke karatun ƙididdiga a jami'a ta zo hutu. Ta ji na sake faɗar haka, sai ta buɗe waya ta karanto mana matsakaicin shekarun da namiji ke yi a ƙasar nan. Adadin da ta faɗa na riga na wuce shi.

Na ce, "To ashe gawa ce ke ciyar da ke?"

Ta yi dariya. "A'a Baba, har da jariran da suka rasu ake haɗawa. Wanda ya kai shekarunka lissafinsa daban ne."

Uwarta ta ce ta rufe wayar nan, kwana na hannun Allah. Ban musa ba, amma maganar ta bi ni shago.

Tunda lissafin ƙasa ya haɗa da jarirai, sai na ce bari in yi nawa. Mu goma sha ɗaya muka fara kafa rumfa a layin nan, wasu sa'o'ina, wasu sun ɗan girme ni. Na zauna kan taya ina ƙirgawa da yatsu. Biyu titin nan ne ya cinye su, a gabanmu. Uku hawan jini, ɗaya ciwon suga. Ɗaya ya kwanta da zazzaɓi ranar Talata, Juma'a muka yi masa sallah. Saura mu huɗu, ɗaya ma shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a gida. Cikin bakwai ɗin nan babu wanda ya ga saba'in, kuma kowannensu na sha jin yana faɗar abin da zai yi idan ya huta.

Na rufe shago kafin la'asar. Na samu Hajiya tana tsince shinkafa a tsakar gida, na ce mata na fasa jiran saba'in, bayan babbar sallah mu tattara.

Ba ta ɗago ba. "Sai yau ka ƙirga, Alhaji? Ni na daɗe da gamawa. Matan abokan naka ai da su nake zama a Islamiyya. Duk wadda ta fita takaba ajinmu take dawowa."

"To shi ya sa na ce mu tafi yanzu."

"Da wace gwiwar? Islamiyyar ma sai na huta sau biyu kafin in kai. Ga asibiti duk wata, ga allurar suga da ke son firij. Wa zai kai mini wuta gona? Lokacin da nake roƙonka ina iya daka, ina iya ɗebo ruwa."

Duk shekarun nan kwanana kawai nake lissafawa, shi ma ba daidai ba. Ƙarfinta ban taɓa sa shi a ciki ba.

Ta turo mini kujera da ƙafa, ta ce in zauna, ina tare mata haske. Washegari na buɗe shago kamar kullum.