Eriyar da Na Naɗe

Ni tela ne, kuma ba abin da na tsana kamar in ga zare yana reto a bakin ɗinki. Ko a rigar wani na hango shi a sahun salla, hannuna ƙaiƙayi yake har a sallame. Wannan hali ne ya ja mini abin da har yau yake hana ni sakat.

Babanmu ya yi shekara da shekaru yana gyaran rediyo a Daura. Da hawan jinin ido ya kama shi, ganinsa ya riƙa tsukewa, har ya zama kamar mai leƙe ta bututu. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce wanda ya rage ma tafiya yake. A lokacin ne ya tsiri haɗa ƙaramin jirgin sama, irin wanda ake tuƙawa da rimot. Da soson kwalin firji ya sassaƙa jikin, inji da farfela kuwa wani tsohon abokin sana'arsa ya aiko daga Kano. Ya sa na shafa wa ƙasan jirgin baƙin fenti don ya iya rarrabe shi da sararin sama. Burinsa ɗaya, ya ga jirgin yana kewaya saman kansa kafin idon ya rufe.

Ni ne idonsa a ƙananan ayyukan, ni kuma na koyi tuƙin. Akwai wata siririyar waya, tsawonta ya kai kamu biyu, da ta fito daga 'yar na'urar da ke karɓar umarnin rimot.

"Wannan ita ce eriya, Tela," in ji Baba. "Ka bi da ita nesa da batir da inji, ka fito da ita ta wutsiya. Saurar ka bar ta ta yi ta reto. Kada ka yanke, kada ka naɗe."

Na ce to, na yi yadda ya ce. Amma kwana biyu ina wucewa ina harararta, tana jan ƙasa kamar lafin da aka manta. Ban yanke ba, wannan kam na kiyaye. Da safen ranar da za mu gwada, sai na janyo ta ciki, na naɗe ta tsaf a yatsa, na ɗaure da zare, na cusa gefen batir. Jirgi ya yi fes, har na yaba wa kaina.

Muka tafi wata gona a hanyar Sandamu, an gama girbi. Baba ya miƙo hannu zai shafa jirgin, na ce iska za ta taso, mu hanzarta. Ƙarya nake, yatsunsa nake tsoro.

Jirgi ya tashi, ya miƙe sak. Yana wuce iyakar gonar na karkata sandar rimot, bai juyo ba. Na sake, na ɗaga rimot sama, na bi shi da gudu ina tuntuɓe da kututturen kara. A bayana ina jin Baba yana cewa, "Ina yake? Juyo da shi mana, ban same shi ba tukuna!"

A gindin wata kuka na tsince shi, inji ya fashe. Da na kawo, Baba ya zura yatsu cikinsa, ya zaro naɗin wayar, ya laluba ɗaurin.

"Ƙullin tela," ya ce. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sabon inji ya ɗauki wata uku kafin ya samu. Na addabi mutumin Kano da kira, na ɓata ɗinkin mutane. Kullum na shiga gaida Baba sai in tsaya a bakin ƙofa ban yi sallama ba, in ga ko zai gane ni. Daga baya na daina gwadawa.

Ranar da muka koma gonar, eriya tana reto a wutsiya, jirgin kuwa duk inda na juya shi nan yake bi. Na sauko da shi ƙasa-ƙasa ina kewaya kujerar Baba. Ya ɗaga fuska yana bin ƙarar.

"Ina jin sa," ya ce. "In ya zo saitin kaina ka faɗa mini, in duba."

Sau uku ke nan yana wucewa ta saman kansa.