Ranar da Kwamfuta ta Ƙi Malam Liti

Ina zaune a wani ofis a Karaye ina jiran takarda, idona yana kan dattijon da ke buga ta, wanda na ji ana kira Malam Liti. Gemunsa fari fat, tabaraunsa ɗaure da zare, yana dukan madannai da ƙarfin wanda ya daɗe a kan tafireta. Ina jin takardun rabin garin nan ta hannunsa suka bi.

Yana son haɗa sabuwar firinta, sai kwamfutar ta nemi kalmar sirri. Ya buga tasa sau biyu, ta ƙi.

Malama Fiddausi, mai kula da kwamfutocin ofishin, ta matso ta rusuna. "Baba, a yi haƙuri. An janye wa kowa izinin saka manhaja, saboda kwamfutocin a haɗe suke."

"Na gane, 'yata," ya ce. "Da can in tafireta ta cije, da kaina nake kwance ta in sa mata mai."

Ta sunkuya za ta buga tata kalmar. Tun ba ta roƙa ba ya kau da fuskarsa zuwa taga, hannuwansa a kan gwiwa, har ta gama.