Baƙon da ya kwana a tanderun Inna

Na daɗe ina so in rubuta wannan ina fasawa, don ban amince da ƙwaƙwalwata sosai ba. Wataƙila na haɗa wata magana da wata. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne da damina ce, ban jima da gama jami'a ba, ina zaune a gidanmu na Funtuwa ina jiran aiki, kuma ranar sunan ɗan yayata ce.

Inna, mahaifiyarmu, tana da tanderu a bayan ɗakin girki, irin na yumɓu da ake manna gurasa a jikinsa ta ciki. Ita ta ɗauki nauyin gurasar baƙi. Al'adarta ce ba ta zuba wuta sai ta leƙa ta ce "a fito", saboda kyanwoyi. Ran nan kuwa, sauri ya sa ta cusa karan dawa ba ta duba ba. Garwashi na hannunta a marfin kwano sai karan ya motsa.

Ta ƙwala mini kira, tana zaton maciji ne. Na janye karan da sanda. A ƙasan tanderun ga wani abu a dunƙule kamar ƙwallo, jikinsa duk ɓawo, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa kamar an jera manyan farata. Kuma yana numfashi.

Maƙwabciyarmu, Bayarabiya mai gidan burodi da muke kira Mama, ta leƙa ta dafe ƙirji. "Rabona da ganin wannan tun ina yarinya a garinmu!"

Kawu, ƙanen Inna, ya durƙusa ya daɗe yana kallo. "Ɗankunya ne. Yaya, arziki ya biyo ki har gida. Masu magani nemansa suke ido rufe. A ba ni buhu."

"A naka tanderun ya kwana?" in ji Inna.

"Haba Yaya."

"Abin da ya fake a murhunka baƙonka ne. Ranar sunan jikana ba za a fitar da baƙo a buhu ba."

Mama ta ce, "Alhaji, ragon sunan bai ishe ka ba?"

Na ce na taɓa karanta cewa irinsa sun kusa ƙarewa a duniya, amma ban san ko wani ya ji ni ba.

Inna ta hana a jawo shi, ga kwaɓi ya tashi har yana neman zubowa, ga mata daga Bakori da Dayi sun fara sallama. Mama ta ɗora kwaɓin a ka ta nufi gidan burodinta. Abin da ya dawo ba gurasa ba ne, ba kuma burodi ba, mata suka yi ta zolayar Inna suna ci.

Ni da Kawu kuwa muna tsugune a bakin tanderun. Can sai ƙwallon ya fara warwarewa. Wutsiya ta fara buɗewa, sannan wani siririn baki ya leƙo, da idanu ƙanana masu laushin kallo. Ya zaro harshe, dogo ƙwarai, siriri kamar igiya, ya lashe wasu tururuwa a jikin yumɓun. Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Halitta ce da aka yi wa sulke tun daga kai har wutsiya, amma ba ta da makamin da ya wuce ɓoye fuska. Kawu ya ce "Subhanallah" a hankali.

Da la'asar shi ya ɗauko babur da kansa. Inna ta sa aka saka baƙon nata a kwando, ta sa ni hawa baya da kwandon a cinyata, ina jin don kada ƙanen nata ya sake shawara a hanya. Muka bi hanyar Dandume har inda gonaki suka ƙare, wurin duwatsu da suri. Na karkata kwandon. Ya ɗan jima, sannan ya taka cikin ciyawa, ɓawonsa na ƙara kaɗan-kaɗan, har muka daina ji.

Ban san daga ina ya zo ba. Wasu sun ce daga motar kaya ya kuɓuce, ban tabbatar ba. Mutane da yawa sun leƙa tanderun nan ranar. Duk wanda ya tuna wani abu saɓanin nawa, ko ya sake ganin irinsa a wajajen, don Allah ya aiko mini in gyara.