'Yar Bindigar da Ta Ƙi Tashi

Ni ɗiyar manomi ce daga Matankari. Sai da na yi furfura na shiga yaƙi da jahilci, don haka ku yi haƙuri da rubutuna, ku ji maganar.

Zamanin Faransawa na yi wa wani Bature ɗan kasuwa aikin gida a Dogon Dutsi. Yana da ƙaramar libarba, bindigar hannu mai tulun harsashi da ke juyawa. Harsashinta bai fi ƙwayar wake ba, a gefen gindi ake bugunsa. Iri biyu ne. Mai rufin tagulla ba ya ɓata bindiga sosai. Na dalma tsirara, mai maiƙo, yana barin baƙar dauɗa. In ya gama harbin zabi, ni ke zura tsumma in goge ta. Ya kan ce bindigar da ba a gogewa za ta ci amanar mai ita.

Da satar sukari na fara. Daga sukari sai sabulu, sai zane. Ran da ya tafi Dosso na ƙunsa libarbar a zanena na gudu.

Na shiga fasa-ƙwaurin goro daga tsallaken iyaka, ƙasar da Ingilishi ke mulki, daga nan na koma tare hanya. Ina harbi sama, mutane su zubar da kaya. Harsashin dalma nake saye wurin masu tsallaka iyaka, don shi ke samuwa.

Tsoro ya kai ni wurin Inna Dela, 'yar bori. Ta yanka baƙar kaza, ta shafa wa bindigar jini da man shanu. Ta ce, "Doguwa ta shiga ciki. In kin goge, kin kore ta."

Na ce, "Inna, Bature cewa ya yi a goge."

Ta ce, "Baturen naki shi ka tsaronki a daji?"

Na bar gogewa. Dauɗar dalma, man shanu da yashi suka haɗu suka daskare.

Wata ranar kasuwar Kore Mairuwa, da rana tsaka, na tare wani tsohon Bafulatani yana jan bijimi. Na ce, "Baffa, saki igiyar."

Ya ce, "Ɗiyata, ke ba ki da uba?"

Maganar ta ƙona ni. Ban ɗaga sama ba. Ƙirjinsa na auna, na ja kunama da niyyar kashe shi. Tulun ya cije, ya ƙi juyawa. Na sa hannu biyu, ko motsi. Ya maka mini sanda a wuyan hannu, ya ɗaure ni da igiyar bijimin. A hanya ya ba ni ruwa daga gorarsa, sannan ya miƙa ni ga gardawan kumandan, 'yan sandan Faransawa.

Na yi shekaru a kaso, ina ɗaukar dutse a aikin hanya. Da na fito, ubana ya rasu. Na nemi tsohon nan in roƙi gafara, aka ce sun yi ƙaura. Na tuba ga Allah, na kama sayar da ƙosai.

Yara, kar wanda ya ce mini ɗan sukari ba komai ba ne. Ni na san inda yake kaiwa. Kuma kar ku yaba mini cewa ban taɓa kisa ba. Na ja kunamar. Dauɗa ce ta tsaya tsakanina da ran mutum, ba halin kirki ba. Taku bindigar ba lalle ta cije ba.